Hunturu da tsohuwar mota mai gas: me ke hana ta tashi da asuba?

Shin sanyin da ake yi a Bauchi ya kai ya hana mota mai shan gas, wato dizal, tashi? Wannan gardama ce da ke dawowa tasha da gareji duk shekara, da zarar Disamba ta kama, jaura ta fara kaɗawa. Duk mai fita sallar Asuba a unguwar da direbobi ke kwana ya san sautin: kik na gurnani, salansa na fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido, inji ya yi kamar zai kama sai ya fasa. Kafin rana ta fito an tara samari ana turi. Alhali motar nan ce jiya da azahar ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya.

Kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Direba ya ce sanyi ne. Mai mota ya ce direba ne ya sha gas ɗin bumburutu. Rewaya ya ce a sayo batir. Makanike ya ce sai an sauke inji an yi ringin. Yanzu kuma an samu ƙarin masu bayani, waɗanda suka kalli bidiyo a waya, suna cewa gas ne ke daskarewa a tanki cikin dare, don haka a tsarma masa kananzir ko ɗan fetur ya saki.

Ni dai abin da na tabbatar, bayan na sha wahalar abin da kaina, shi ne injin gas mai lafiya ba ya jin sanyinmu. In mota ta ƙi tashi a Janairu, to tun damina take da ciwon. Zafin gari ne ya rufa mata asiri, hunturu ya tona. Amma ba za a gane haka ba sai an san yadda wannan inji yake kama wuta.

Injin da ba shi da tartsatsi

Injin fetur yana haɗa mai da iska ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Injin gas, wanda jaridu ke kira dizal saboda Bajamushen da ya ƙera shi, Rudolf Diesel, da injinsa ya fara aiki sosai a 1897, ba shi da wannan tartsatsin. Iska zalla yake zuƙa. Fistin ya taso ya matse ta, matsin ya sa ta yi zafi, sai nozul ya feso gas a cikinta kamar hazo, gas ɗin ya kama da kansa.

Wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon hannu ya ji yadda gindin famfon ke ɗumi. Haka ne a cikin silinda, sai dai a can abin ya ninka ninkin-ba-ninkin. Injin fetur na matse iskarsa kamar sau 8 zuwa 11. Tsofaffin injinan gas na ƙananan motoci, irin su 2L da 3L da 5L na Hilux da Hiace, ko 4D56 na Mitsubishi, ko na tsohuwar Marsandi 240D, suna matse ta fiye da sau 20. In inji na gudu, iskar nan tana wuce digiri 500, ta yi wa abin da gas ke bukata fintinkau.

Wahalar tana wajen tashin farko. Ƙarfen inji ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau, yana shanye zafin da matsi ya samar. Kik kuma a hankali yake juya inji, kamar zagaye 150 zuwa 250 a minti, saboda haka iska na samun damar sulalewa ta gefen ringi, wato zobban da ke jikin fistin. Sannan iskar da aka zuƙo ita kanta mai sanyi ce, matsi kuma yana ninka bambancin: duk digiri ɗaya da ta rasa a waje, kusan uku ake rasawa a cikin silinda. Tsakanin azahar mai digiri 32 da asuba mai digiri 12, an yi asarar digiri 50 ko fiye a daidai inda ake nemansu. Lafiyayyen inji yana da rarar da zai cike wannan giɓi. Wanda ya gaji, rararsa ta riga ta ƙare.

Gas ba ya daskarewa a Bauchi

A nan ne aka fi ɓata. Gaskiya ne gas na ɗauke da wani sinadari mai kama da kakin kyandir, wanda in sanyi ya tsananta yake fitowa ya yi gudaji ya toshe filta. Amma sai ma'auni ya doshi sifili ko ya yi ƙasa da shi. Shi ya sa a Jamus da Kanada da Rasha gidajen mai ke canza irin gas ɗin da suke sayarwa idan sanyi ya shigo, wasu masu mota kuma suke jona inji da wutar gida ya kwana da ɗumi. Bidiyon da ake yaɗawa a waya mutanen can ake yi wa.

Mu kuwa, ko a muku-mukun Disamba da Janairu, daren Bauchi yawanci tsakanin digiri 10 da 15 yake tsayawa. Ta wajen Toro da Tilden Fulani, inda ƙasa ke hawa zuwa Jos, yakan fi haka sauka, amma ko can ba a kai ga ƙanƙara. Ɗarin da ke fasa mana leɓe da dunduniya, busasshiyar iska ce ke ƙara masa kaifi a jikin mutum. Mai da ke rufe cikin tanki bai san wannan ba.

Saboda haka mai zuba fetur ko kananzir a tanki yana maganin cutar da ba mu da ita ne, yana kuma sayo wadda ta fi ta. Fetur an yi shi ne don ya jure matsi, kada ya kama sai tartsatsi ya zo, wato kishiyar abin da injin gas ke so. Haɗa shi da gas ƙara wa tashin wuya yake. Abu na biyu ya fi muni. Gas yana da santsi, kuma famfon injekta, mai tura gas zuwa nozul, na yawancin ƙananan motocin nan ba baƙin mai ke shafa cikinsa ba, gas ɗin da ke ratsa shi ne. Fetur da kananzir ba su da wannan santsin. Famfon da ya saba shansu cikinsa yake ci, kuma alamar farko ta cinyayyen famfo ita ce ya kasa tura mai da ƙarfi lokacin da kik ke juya inji a hankali.

Hita, wadda ba a tunawa da ita sai an sha wuya

A yawancin tsofaffin ƙananan injinan gas, nozul ba ya fesa mai a kan fistin kai tsaye. Akwai ɗan kogo a saman inji inda wutar ke fara kamawa kafin ta faɗa silinda. Wannan tsari yana rage ƙara da jijjiga, amma kogon ƙarin bango ne mai shan zafi. Shi ya sa aka dasa wa kowace silinda hita. Siffarta kamar siririn fulogi, sai dai ba ta tartsatsi. Bakinta ne ke yin jawur, ya wuce digiri 800 cikin 'yan daƙiƙoƙi, gas ya faɗo kansa ya kama. Manyan motoci da tarakta, irin waɗanda kamfanin Steyr ya riƙa harhaɗawa a nan Bauchi, yawanci kai tsaye suke fesa mai, don haka sun fi sauƙin tashi, wasu kuma a bututun shigar iska aka sa musu abin ɗumamawa.

Daga Maris zuwa Oktoba kusan babu mai bukatar hita a garin nan. Ɗaya ta mutu, mota ta tashi. Ta biyu ta bi ta, mota ta tashi, sai ɗan kakkarwa da safe da ba wanda ya kula. Ga kuma abin da ke yaudarar direba: a motoci da yawa 'yar fitilar nan mai siffar nannaɗaɗɗiyar waya da ke dashbod lokaci kawai take ƙirgawa. Za ta kama ta mutu yadda ta saba ko da hitocin duka sun ƙone.

Na faɗa wannan rami. Muna da tsohuwar Hilux mai injin 3L da muke kwaso amfanin gona da ita. Hunturu biyu muka yi muna ajiye ta a kan gangare don sauƙin turi. Na sayi sabon batir, ta yi sati guda tana tashi da ƙyar, ta koma gidan jiya. Har an yi mini lissafin kuɗin ringin, sai wani abokina ya kai ni wajen wani dattijon makanike. Bai taɓa sifana babba ba. Ya kwance siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin huɗu, ya ɗauko kwan fitila mai waya biyu, ya maƙala ɗaya a kan batir mai alamar tarawa, ya riƙa dangwala ɗayar a kan kowace hita. Ta farko fitila ta kama. Ta biyu shiru, ta uku shiru, ta huɗu shiru. Na ce, "Baba, wannan ɗan abin ne ya wahalar da mu shekara biyu?" Ya ce, "Malam, da hita ɗaya kake ta fama. Injinka ma ya yi ƙoƙari." Gwajin bai kai minti goma ba.

Wajen sayen sabuwa akwai tarko. A jikin kowace hita an buga ƙarfin wutar da take ɗauka. Wata bolt 11 ce, wata 6 ko 7 don tsarin da ke saurin ɗumamawa, wata kuma ta motoci masu bolt 24. A ido duk ɗaya suke. In aka sa mai babbar lamba inda ake son ƙarama, ba za ta yi ja ba. In aka yi akasin haka, ƙonewa za ta yi. A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, a karanta lambar, kuma in hali ya yi a canza su gaba ɗaya, don wadda ta rage ma shekarunsu ɗaya da matattun.

Wani lokaci hitocin lafiya lau suke, wuta ce ba ta isa gare su: fiyus ya ƙone, ko rile, makunnin da ke sakar musu wuta, ya daina kamawa, ko ƙarfen da ya haɗa su ya yi tsatsa. Rewaya da yawa in na'urar ƙirga lokaci ta lalace sai su sa maɓalli na hannu. Dabarar tana aiki, amma ta mai da alhakin kan yatsan direba. In ya danne ya daɗe, musamman a kan hita mai ƙaramar lamba, bakinta kumbura yake, ranar cirewa ya maƙale ko ya karye a ciki, aikin 'yan mintoci ya koma sauke saman inji. Don haka ma ake cire hita inji na da ɗumi, bayan an jiƙa zaren da mai, a hankali.

Batir, wayoyi da kik

Injin gas ya fi na fetur nauyin juyawa nesa ba kusa ba, kuma saurin juyin shi ne zafin. Batirin da zai tayar da ƙaramar motar fetur yana iya juya injin gas har ya gaji bai kama ba. Ga hitoci huɗu da suka riga suka ja nasu kaso, kowace fiye da amfiya 10, kafin kik ya zo ya nemi ɗaruruwa.

Abin da mutane ba su cika sani ba, zafi ne ke kashe batir a ƙasarmu. Zafin Maris da Afrilu ke ƙafar da ruwansa ya cinye farantansa, sai ya yi ta lallaɓawa har sanyi ya zo ya ƙarasa shi. Cikakken batir da ya kwana ya kamata ya nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ne. In ana murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gaji. In inji na gudu kuma ba a ga tsakanin 13.8 da 14.4 ba, to cajar motar ce ko bel ɗinta, kuma sabon batir ma haka zai mutu. Mai buɗaɗɗen kai a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na famfo. Mota mai batir biyu a jere, in ɗaya ya mutu a canza duka, don tsoho janyo sabo ƙasa yake.

Kafin a kashe kuɗi a dubi kan batir. Sau nawa ake ganin farin gari ya taru a kai, ko an buga ƙusa a tsakani don mariƙin ya kama? Wutar da za ta kunna fitila da rediyo tana wucewa ta irin wannan haɗi, amma ta kik ba ta wucewa. Haka wayar as da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji. Gwaji mai sauƙi: bayan an ɗan murɗa makulli, a taɓa mahaɗan wayoyin da hannu. Duk inda ya yi zafi, nan wutar ke maƙalewa. In komai ya yi daidai amma juyin na jan ƙafa, a kwance kik a duba gawayinsa da bushinsa.

Baƙin mai ma da nasa hannun. Mai kauri, ko wanda ya wuce lokacin juyewa ya cika da baƙin toka, riƙe inji yake da safe. Lambar da ke zuwa kafin harafin W a jikin galan tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi. 15W-40 na injin gas ya fi SAE 40 zalla saurin sakin jiki da asuba. Masu zuba mai kauri don ɓoye hayaƙin inji da ya gaji suna biyan kuɗin dabarar a Janairu.

Iskar da ke shiga layin mai cikin dare

Akwai motar da hitarta da batirinta duk ƙalau, amma in ta kwana sai an daɗe ana kik, ko ta tashi nan take ta yi daƙiƙa biyar ta mutu. Wannan yawanci iska ce. Robobin layin mai, musamman ƙananan da ke tsakanin nozul da nozul, da zoben filta da robar famfon hannu da ke kansa, zafi da shekaru sun busar da su. Da dare in suka yi sanyi suka tsuke, sai su buɗe 'yar kafa. Gas ba ya ɗiga waje balle a gani. Iska ce ke shiga, man ya sulale ya koma tanki.

Gane shi ba wuya. Da safe kafin a taɓa makulli, a danna famfon hannu. In ya yi laushi sai an danna sau da yawa kafin ya yi tauri, kuma motar ta tashi da sauƙi bayan haka, an kama ɓarawon. Makanikai kan sa farar roba mai nuna ciki tsakanin filta da famfon injekta su ga kumfa na wucewa.

A ƙasan filta kuma akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya kwanta. Ruwan nan ba hunturu ke kawo shi ba, iskar hunturu busasshiya ce. Ragowar damina ne, ko na duro da jarkar da aka sayi mai a ciki. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, direbobi da yawa sun koma shan lita biyar yau, goma gobe, tanki kullum a ƙasa, famfo na zuƙo laka da ruwan da suka kwanta a gindi. Ba na ganin laifin wanda aljihunsa bai kai ba, amma wanda ke haka ya san filtarsa ba za ta kai lokacin da littafi ya ce ba.

Abin da salansa ke faɗa

Kafin a kira kowa, mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya ya tsaya baya ya kalli salansa, ya kuma kasa kunne. In inji na juyawa da nauyi, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, maganar wuta ce: batir, waya, kik. In yana juyawa da sauri, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na fita, to mai na zuwa, zafi ne babu: a fara da hita. In yana juyawa da sauri amma salansa ba ko ɗigon hayaƙi, mai ne ba ya zuwa: iska, toshewar filta, ko ɗan bawul ɗin lantarki da ke kan famfon injekta, wanda ke buɗe wa mai hanya in an kunna makulli. Wannan kallo na minti ɗaya ya isa ya hana mutum sayen batir alhali roba ce ta tsage.

Idan ciwon na cikin inji ne

Wani lokaci makanike ne ke da gaskiya. Injin da ringinsa suka ci ba ya riƙe matsi, kuma babu hitar da za ta maye gurbin matsi. A ƙasarmu ƙura ce babbar mai cin ringi. Bujin hunturu gari ne mai laushi kamar hoda, kuma injin gas iska mai yawa yake zuƙa. Filtar iska da ta yage, ko wadda aka yi ta busawa da iskar mai faci har takardarta ta huje, ko murfin da aka ɗaure da roba, duk ƙofa ce. Ƙurar ta haɗu da baƙin mai ta zama magogi. Wato hunturun bara ne ke hana mota tashi bana. Cire tamosta, bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, da aka mai da al'ada don tsoron zafin inji shi ma yana ƙara ci, domin inji na daɗewa bai kai ɗumin aikinsa ba.

Amma kada a yarda a sauke inji da ka. Akwai agogon auna matsi da ake ɗaurawa a ramin hita ko na nozul. Injin 3L mai lafiya yana nuna wajen 30 a ma'aunin bar. In ya sauka zuwa 20 ya kai gargara. In makanike ba shi da agogon, a nemi mai shi. Matsi ma ba ringi kaɗai ke zubar da shi ba. Bawul da ya matse, ba ya rufewa ruf, yana yin haka, kuma saita bawul ba ya kai ko kusa da kuɗin ringin. Nozul da ya tsufa yana ɗigo maimakon feshi, ɗigo kuwa ba ya kamawa cikin sanyi. Masu gyaran injekta suna da famfon gwaji da za su nuna maka feshin da idonka. In kuma wahalar ta fara ne bayan an canza bel ɗin taimin, a duba ko an kuskure haƙori ɗaya.

Dabarun tasha: wacce ke taimako, wacce ke ɓarna

Ruwan ɗumi a kan saman inji da bututun iska yana taimakawa, don yana mayar da zafin da dare ya ɗauke. Shi ne mafi ƙarancin illa, muddin ba tafasasshe ba ne kuma an kauce wa wayoyi da cajar mota. Rufe kan mota da bargo ko ajiye ta a lungun da iska ba ta bugu shi ma yana ɗan rage asara.

Hura wuta ko sa garwashi ƙarƙashin inji kuwa, wallahi ba na son ganinsa. Ƙasan tsohuwar mota jiƙe yake da mai, ga robobi ga wayoyi.

Mafi yaɗuwa kuma mafi ɓarna shi ne tsumma jiƙe da fetur a bakin iska, ko fesa maganin sauro, ko feshin tayar da inji na gwangwani. Suna tayar da mota, shi ya sa ake son su. Amma kamawa suke da wuri, tun fistin bai gama tasowa ba, su buge shi da ƙarfi. Ƙarar nan mai kama da guduma da ake ji ke nan. Ringi na karyewa a haka, sandar fistin na iya lanƙwashewa. In kuma hita na da wuta, feshin na iya kamawa tun a bututun iska, mai riƙe da gwangwani kuwa fuskarsa na wurin. Direbobi kan ce inji in ya saba da feshi ba ya tashi sai da shi. Abin da suka lura da shi gaskiya ne: kowace fesawa na iya rage matsin da dama shi ne ya yi ƙaranci.

Turi yana aiki a mota mai giyar hannu saboda yana juya inji fiye da yadda gajiyayyen kik zai iya. Sai dai a tuna, in inji bai tashi ba burki na yin tauri bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka. A gangaren unguwa da yara ke fita makarantar allo, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Wa ke ɗaukar asarar?

Hunturu ya zo daidai da lokacin da aka fi bukatar motocin nan. Kaka ta yi, ana kwasar masara da dawa da riɗi da waken suya daga ƙauyuka, kayan lambu na fitowa daga fadamu zuwa kasuwar Muda Lawal. Motar da ya kamata ta bar gari da asuba ta kai hantsi tana gurnani, mai tumatir ya iso an gama cinikin safe, direba ya rasa sawu ɗaya cikin biyun da zai yi, yaron mota ya rasa na abinci. Wasu direbobin manyan motoci gwamma su bar inji ya kwana yana aiki, babbar mota kuwa na iya shan lita 2 zuwa 3 a awa tana tsaye. A lissafa na dare goma a ga ko bai sayi abin da ya lalace ba.

Ga kuma ɓarnar da ke haifar da ɓarna. Dogon kik na ƙona kik ɗin kansa, yana zuƙe batir har ƙasa, batir kuwa in ya saba faɗuwa ƙasa ba ya komawa yadda yake. Ɗanyen gas da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Matsalar da ta fara da hita ɗaya ta ƙare da batir da kik da ringi. Lokacin da ya dace a duba waɗannan abubuwa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sanyi bai sauka ba, gareji ba layi.

Yadda ake tayar da ita da asuba

A kashe fitilu da rediyo da fanka. A sa giya a firi, a taka kuloci don rage wa kik nauyi. A murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a jira fitilar hita ta mutu, a ƙara 'yan daƙiƙoƙi, domin a motoci da yawa hita na ci gaba da ɗumi har sai an ji rile ya yi ƙas. In ɗari ya yi tsanani a kashe a sake yin haka sau ɗaya. Sannan a yi kik, kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. In bai kama ba a huta kamar minti guda. In an yi sau uku shiru, a tsaya a koma kallon salansa, ci gaba da murɗawa ba zai ƙara komai ba sai ɓarna.

Da ta kama, a bar totur. Baƙin mai bai gama hawa sama ba, musamman a mota mai tabo (turbo). A jira fitilar mai ta mutu, a ba ta minti ɗaya ko biyu a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, sannan a ja a hankali har allurar zafi ta motsa. A kuma saurari daƙiƙoƙin farko da kyau. In tana kakkarwa kamar mai ɗingishi, farin hayaƙi na fita, sai bayan rabin minti ta daidaita, to silinda ɗaya ce ke makara wajen kamawa, kuma mafi yawan lokaci hitarta ce ta tafi. A kai ta a dangwala mata fitilar gwaji a satin.